Tayin Malam Ya'ƙub

Gidan da Iklima da ƙanenta Zayyad suka gada yana cikin wata tsohuwar unguwa a Jega, ba nisa da kasuwa. Gidan ƙasa ne mai ɗaki huɗu da zaure, da rijiya a tsakar gida, da bishiyar dogon yaro da mahaifinsu ya dasa tun kafin a haife su. Mahaifin ya daɗe da rasuwa. Mahaifiyarsu, wadda suke kira Inna, ita ta riƙe gidan ita kaɗai har bara, ta rasu bayan gajeriyar jinya. Tun daga nan aka sa kwaɗo a ƙofa.

Iklima tana aure a Aliero, tana koyarwa a wata makarantar firamare. Zayyad direba ne, yana jan motar wani mutum tsakanin Jega da Birnin Kebbi, yana kwana a ɗakin haya kusa da tasha. Babu wanda zai koma gidan a cikinsu, ga damina ta fara cin bangon baya. Sai suka yanke shawarar sayarwa su raba. Zayyad yana son ya sayi motar kansa. Ita kuwa Iklima so take ta daina tunanin bangon nan duk sanda hadari ya haɗo.

Suka ba wani dillali mai suna Jamilu cigiyar mai saye. Wanda ya fara zuwa shi ne Alhaji Haliru, wani mai fataucin albasa daga Aliero. Ya zagaya, ya ƙwanƙwasa bango, ya leƙa rijiya, ya ce shi fili yake saye, ɗakunan rushe su zai yi ya gina ma'ajiyar albasa. Tayinsa bai kai abin da suka sa rai ba, kuma rabi zai bayar yanzu, sauran sai albasarsa ta yi kuɗi. Zayyad ya ce albarka tun Alhajin bai rufe baki ba. Iklima ta ce a ba su lokaci su yi shawara.

Ana nan cikin zafin bazara Jamilu ya kira ta a waya, ya ce an sami wani, kuma yana son ganin magada da kansu. Ta tashi daga makaranta ta hau mota zuwa Jega. Bayan azahar ne, lungun shiru, kowa ya gudu inuwa. Ta iske Jamilu da Zayyad a ƙofar gida tare da wani dattijo siriri, sanye da farar riga mai tsabta, ba gumi ko ɗigo a fuskarsa. Jamilu ya ce sunansa Malam Ya'ƙub.

Ta gaishe shi, ya amsa da fara'a, ya ce, "Sannu ɗiyata. Allah shi jiƙan Inna."

Zayyad ya buɗe kwaɗo suka shiga. Dattijon bai dubi tsagar bango ba, bai tambayi faɗin fili ba. Ya tsaya tsakar gida yana kallon randar ruwa da ta bushe, da turmin da aka kife, da igiyar shanya. Daga nan ya taka zuwa gindin dogon yaro ya zauna a kan wani dutse, ya miƙe ƙafa ɗaya, ya naɗe ɗaya. Iklima ta tsaya tana kallonsa. Haka mahaifinsu yake zama a kan dutsen nan, saboda ciwon gwiwa.

"Nan kike zama in kina tsince shinkafa," in ji shi, ya nuna bakin ƙofar ɗakin Inna. Ba tambaya ba ce.

"Malam ya san gidanga da?" in ji ta.

"A'a. Yau na fara shigowa."

Ya juya wajen Zayyad ya tambaye shi wa ke ɗebo ruwa da safe lokacin suna yara, wa ke kulle zaure, da wane lokaci ake kwashe tuwo. Zayyad yana ba shi amsa yana dariya. Da ya gama, dattijon ya faɗi tayinsa. Ya kusa ninka na Alhaji Haliru, kuma lakadan, a zama ɗaya.

"Sharaɗi guda gare ni," in ji shi. "Kada a fitar da komi. Tabarmi, tukwane, gadon Inna, har tsintsiya. Yadda anka bar shi, haka nike son shi."

"Tsofaffin kaya ne, Malam," in ji Iklima. "Mi za ka yi da su? Iyali za ka sa ciki?"

"Ba ni da iyali. Ni ba bango nike saye ba, ɗiyata. Gida nike saye."

Zayyad ya buɗe baki zai ce ya sallama, ta taka masa ƙafa. Ta ce za su yi shawara. Dattijon ya ce ba ya gaggawa, ya miƙe ya yi musu sallama ya fita.

A zaure Zayyad ya tare ta. "Yaya, wace shawara kuma? Wa za shi ba mu irin wannan?"

"Shi ya sa nike son in yi tunani. Mutum bai dubi bango ba, bai nemi ragi ba, bai tambayi shaidar gado ba. Ka taɓa ganin mai saye haka?"

Ta juya ga dillalin ta tambaye shi daga ina mutumin yake. Jamilu ya sosa ƙeya, ya ce gaskiya bai sani ba, a tasha ya tare shi. Abin da ya sani kawai, wani abokin sana'arsa ya taɓa sayar wa dattijon da gida a Maiyama, gidan wata mata Shafa'atu, kuma ya biya ba ko jinkiri. Babu wanda ya kai ƙara.

Mijinta ma da ta gaya masa cewa ya yi arziki ne Allah ya kawo. Amma da ta ce tana son ta je ta ga matar nan ta Maiyama ta ji yadda cinikinsu ya kaya, bai hana ta ba. Ranar Asabar da hantsi ta hau mota zuwa Jega, ta sake wata zuwa Maiyama.

Ba ta sha wahalar samun gidan ba. Wani mai shago ya nuna mata da haɓa. Ƙofar a buɗe take, an share gaban gidan an yayyafa ruwa, hayaƙi yana tashi daga ciki. Ta yi sallama, muryar mace ta amsa.

Matar za ta kai shekara hamsin, ramammiya, tana tuƙa tuwo a babbar tukunya. Ta shimfiɗa wa Iklima tabarma, ta kawo mata ruwa mai sanyi daga randa. Ita ce Shafa'atu. A gefen murhu an jera kwanuka har bakwai ko takwas, wasu manya wasu ƙanana.

Iklima ta gabatar da kanta, ta ce an ce mata an sayar da gidan nan.

"An sayar," in ji Shafa'atu. "Mutumin kirki. Ko kwana bai ƙara ba ya biya. Mun gina sabo bakin hanya, na siminti, har da famfo."

"To har yanzu nan kike zaune?"

"A'a, can nike. Ludayina na manta, shi na zo ɗauka." Ta ci gaba da tuƙi. "Da na zo na ga wuta ba a hura ba."

Ta kwashe tuwon a kwanukan, ta zuba miya, ta riƙa ɗauka biyu biyu tana kaiwa wani ɗaki mai labule a ƙarshen tsakar gida. Tana sa hannu ta bayan labule ta ajiye, ba ta shiga. Iklima ta kasa kunne. Da farko ba ta ji komai ba. Can sai ta ji an buɗe murfin kwano, ta ji ƙarar wanke hannu a cikin roba, sannan wani tsoho ya yi tari mai nauyi, irin na mai ciwon ƙirji.

"Baba ne," in ji Shafa'atu da murmushi. "Tarin nan bai bar shi ba."

Daga waje wata murya ta kira, "Umma, ki fito mu tahi." Shafa'atu ta yi kamar ba ta ji ba. Iklima ta ce bari ta leƙa, ta ɗauki jakarta ta fita.

Wata matashiya ce da goyo, tsaye a rana, nesa da inuwar zauren. Ta ce sunanta Binta, 'yar Shafa'atu ce. Ta dubi Iklima sama da ƙasa ta ce, "Kin ci abinci ciki?"

"Ruwa na sha."

"Ruwa ba komi." Ta gyara goyonta. "Ke ma tsohon ya taya gidanku?"

Iklima ta ce eh. Binta ta ja ta gefe, ta ba ta labari a taƙaice, da muryar wadda ta gaji da maimaitawa. Gidan na kakanta ne, uban Shafa'atu, wanda ya rasu tun Binta tana ƙarama. Magada uku suka sayar: Shafa'atu da 'yan'uwanta maza biyu. Damina biyu ke nan. Tun makon da aka biya, kowace safiya uwarta sai ta ce ta manta wani abu. Ta zo ta share, ta ɗebo ruwa, ta dafa, ta jira. In la'asar ta yi kwanukan nan fes suke fitowa. An kai ta asibiti, an yi mata addu'o'i, an taɓa kulle ta a sabon gida, ta daina ci ta daina magana har sai da aka buɗe mata.

"Kawunnanki fa?"

"Guda shina zuwa da yamma shi zauna zaure. Gudan ya shiga ɗakin can bara, da rani." Ta dubi ƙofar gidan. "Mun kira, mun kira. Maza sun ɗaga labule, ba kowa sai tabarma. Amma daga ranar Umma ta ƙara kwano guda."

"Shi mai gidan ba shi zuwa?"

"Shikan zo. Shi zauna tsakar gida shi yi ta saurare, kamar mai jin rediyo. Ba shi taɓa kowa, ba shi hana kowa fita." Binta ta sake ɗaga murya ta kira uwarta, sannan ta ce wa Iklima, "Ni ban karɓi ko sisi ciki ba, shi ya sa nike iya tsayawa nan."

A motar komawa Iklima ta yi ta kiran Zayyad, wayar tana shiga ba a ɗauka. Da ta sauka a tashar Jega ta ga motar da yake ja a ajiye, an tsallake layinta. Wani ɗan kamasho ya ce mata tun safe ya fita, ya ce zai ɗauko wani sifana da ya bari a tsohon gidansu. Ya ƙara da cewa jiya ya gan shi da wani tsoho mai farar riga, tsohon ya ba shi kafin alƙalami a leda.

Ta hau babur zuwa unguwarsu. Kwaɗon yana rataye a buɗe. Tun daga zaure ta ji ƙanshin miyar kuka da daddawa da man shanu, irin wadda ba ta ƙara ci ba tun da Inna ta kwanta. Tsakar gidan a share yake tas. An cika randa, an tayar da turmi, an shimfiɗa tabarma a gindin dogon yaro. Zayyad, wanda tun yana yaro sai an yi faɗa kafin ya taɓa guga, yana bakin rijiya yana jan ruwa, fuskarsa a sake kamar ta yaro.

"Yaya, kin zo," in ji shi. "Zauna, an kusa kwashewa."

Murhun tsakar gida ba wuta, ba toka. Ƙanshin daga ɗakin Inna yake fitowa. Labulen da suka naɗe suka sa a akwati ranar sadakar arba'in yana rataye a ƙofar, yana ɗan motsi. Daga bayansa ta ji ƙarar muciya tana bugun gefen tukunya, bugu biyu sannan a ɗan dakata, yadda Inna take yi.

Abin da ya fi ba ta tsoro daga baya shi ne ba ta ji tsoro ba a lokacin. Daɗi ta ji. Gajiyar hanya ta sauko mata gaba ɗaya, ta ga bakin ƙofar nan inda take zama tana yarinya, akwai inuwa, akwai 'yar kujera. Ta yi taku biyu zuwa wajen. Ta tuna ba ta samu ta yi magana da Inna ba ranar da za ta cika, tana kan hanya aka kira ta. Ɗaga labule kawai za ta yi.

Sai ta tuna da hannunta ta zuba wa Inna ruwa a wajen wanka, da idonta ta ga an ɗaure likkafani. Ta tsaya. Ta fara karanta abin da ya zo bakinta, ta juya wa ɗakin baya.

"Ina kuɗin da ya ba ka?"

Zayyad ya taɓa aljihun rigarsa. Ta sa hannu ta zaro ledar, a ɗaure take yadda aka ba shi. Bai hana ta ba. Ta kama wuyan hannunsa ta ja, ya biyo ta har tsakiyar fili sannan ya toge.

"Bari in ci tukuna. Ta ce in jira."

"Za ka ci a gidana."

Ta ja shi da ƙarfin da ba ta san tana da shi ba. A bayansu muciyar ta daina bugu. Ba ta waiwaya ba.

Malam Ya'ƙub yana zaune a dakalin zaure, ƙafa ɗaya a miƙe. Ba ta ji shigowarsa ba. Ya dube su ba alamar ɓacin rai.

"Kin je Maiyama," in ji shi.

"Na je." Ta ajiye ledar a gefensa, ba ta yarda hannunta ya taɓa nasa ba. "Ga abinka, Malam. Albarka."

"Ƙanenki ya sallama."

"Gidan na mutum biyu ne. Ni ban sallama ba, kuma ba a raba ba balle shi sayar da rabonshi."

Dattijon ya jinjina kai, kamar wanda aka gaya wa gaskiyar da ya sani. "Haka ne. In kuɗi ne, sai in ƙara."

"Ba kuɗi ba ne."

"Mutane suna ba da duk abin da sunka mallaka don su ƙara jin muryar iyayensu sau guda. Ni kuwa biyanku nike yi." Ya dubi ƙofar cikin gida. "Wancan Alhajin rushewa za shi yi. Ina za su zauna?"

"Iyayenmu suna makwancinsu, muna yi musu addu'a," in ji Iklima. "Abin da ke cikin ɗakin can ban san shi ba."

Ya sake duban ƙofar cikin gida. Sannan ya ɗauki ledar ya sa a aljihu, ya miƙe, ya karkaɗe rigarsa. "Gida mai daɗi," in ji shi. "Ba a samun irinshi kullum." Ya fita ya bi lungu a hankali, har ya sha kwana.

Ta datse kwaɗon da kanta, ta sa makullin a jakarta. A ranar ta tafi da Zayyad Aliero. Kafin magariba zazzaɓi ya rufe shi. Ya yi kwanaki yana kwance a ɗakin baƙi, ba ya ci sai an matsa masa, in ya sami sarari sai ya nufi ƙofa yana cewa ya bar abu a Jega. Mijin Iklima da wani maƙwabcinsu suka riƙa karɓa-karɓa wajen zama da shi.

Ita kuwa washegari ta aika aka kira Alhaji Haliru. Ta ce ta yarda da tayinsa yadda ya faɗa, rabi yanzu rabi daga baya, amma ita ma da sharaɗinta: a cire rufin ɗakunan kafin mako ya zagayo. Alhajin ya yi mamakin gaggawar, amma ta yi masa daidai. Sai da Zayyad ya ɗan dawo hayyacinsa aka tambaye shi a gaban shaidu, ya ce ya yarda, bai ɗaga kai ba. Kayan gidan kuwa maza aka sa suka fitar da su da rana tsaka, aka rabar sadaka a ƙauyuka, wasu Gehuru wasu Jandutsi, don kada su taru wuri ɗaya. Ma'aikatan da suka rushe ɗakin Inna sun ce ba su ga komai ba sai wata tukunya a tsakiyar ɗaki, wankakkiya, da sauran danshi a cikinta.

Rabon Zayyad bai kai kuɗin mota ba. Ya haɗa da wani abokinsa suka sayi tsohuwa tare, ya koma layin Aliero zuwa Sakkwato, ya daina bin Jega in ba dole ba. Ya yi watanni ba ya sakin jiki da yayarsa. In ya zo gaishe ta, a tsaye yake yi ya wuce. Iklima ta roƙi Jamilu kada ya ƙara haɗa kowa da dattijon nan. Ya ce ko ba ta roƙe shi ba ba zai ƙara ba, kuma tun ranar bai sake ganinsa a tasha ba. Ta koma Maiyama sau ɗaya da ɗan abin hannu don Binta. Ta same ta a inda ta bar ta, tsaye a rana tana kiran uwarta.

Bayan an yi girbin gero Zayyad ya zo wata Juma'a ya zauna ya ci abinci a gidanta. Tana yankan alayyafo a tsakar gida, yara suna wasa a waje. Ya daɗe yana juya cokali kafin ya yi magana.

"Ranar nan na ɗaga labulen kafin ki zo."

Ta ci gaba da yanka.

"Ta ba ni baya, tana tuƙi. Zanenta ne, ɗankwalinta ne. Ba ta juyo ba. Ta ce in ɗebo ruwa in share gida, Iklima na nan tahe." Ya ajiye cokalin. "Abin da ke damuna, Yaya, na tsaya kusa da ita, ina kallon hannunta. Inna bahaguwa ce. Wannan da dama take tuƙi. Na gani sarai, kuma na je na ɗebo ruwan."

Iklima ta ajiye wuƙar ta share hannunta a zane. Ta tambaye shi ko a ƙara masa miya, ya ce a ƙara. Ta tashi ta shiga kicin, ta daɗe a tsaye a gaban tukunya kafin ta iya ɗaukar ludayi.